Daga wuyan Inna zuwa tankin Kawu

Inna tana da wani ciwo a ƙeya da ba ta taɓa kiransa ciwo ba. Gajiya take ce masa. Tun muna yara, in an gama cin tuwon dare, sai ta miƙe ƙafa a tabarma ta ce wani ya zo ya danna mata wuya. Bara da abin ya kai ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jikinta duka, na ɗauko ta zuwa Yamai. Aka ɗauki hoton wuyan. Likita ya ɗaga hoton wajen haske, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni ko ta taɓa faɗowa daga bisa. Na ce a'a. Ya ce ko hatsarin mota. Kafin in buɗe baki ta riga ni:

"Ɗana, ba faɗuwa ba ce. Kaya ne."

Ƙauyenmu yana arewa da Galmi, cikin jihar Tawa, kuma kafin ka taka kwalta sai ka yi tafiyar kusan awa biyu a ƙasa. Da damina gero da wake, da rani albasa a fadama. Duk abin da gona ta bayar sai an ɗauke shi, kuma duk abin da tukunya ke bukata sai an ɗauko shi. Ruwa daga rijiya, itace daga daji, gero zuwa injin niƙa na garin da ke gaba da mu, kayan sayarwa zuwa kasuwa. Ranar kasuwa Inna kan tashi tun kafin kiran assalatu, ta naɗa gammo da tsohon zane, ta durƙusa, mu biyu mu ɗaga mata daro mu aza. Tiya goma ta wake ke ciki, wato kilo ashirin da biyar ko kusa da haka, ban da ƙanina da ke goye a bayanta. Ina iya tuna yadda takan ɗan tsaya bayan an aza mata, ta gyara tsayuwa, jijiyoyin wuyanta su fito raɗau, sannan ta ce bismillahi ta ɗaga ƙafa. Da yamma ta dawo da gishiri, da man gyaɗa, da sabulu, wani lokaci da abin da bai samu mai saye ba. Shekara talatin da wani abu tana haka.

Abin da ya dawo mini da wannan shi ne wani bincike da na karanta, wanda masana a Jami'ar Sidni ta Ostireliya suka fitar a 2022. Sun ƙididdige man da ake ƙonawa wajen jigilar abinci a duniya, jiragen ruwa da manyan motoci da jiragen sama da na ƙasa, suka ce wannan jigila ita ke da kusan kashi 19 cikin ɗari na hayaƙin da harkar abinci gaba ɗaya ke saki mai ɗumama duniya. Suka ce kuma ƙasashe masu arziki, waɗanda mutanensu ba su wuce kashi 12.5 cikin ɗari na jama'ar duniya ba, su ke da kashi 46 cikin ɗari na wannan hayaƙi. Shawarar da ke biyo bayan irin wannan lissafi sananniya ce: a ci abin da aka noma kusa, a rage kawo 'ya'yan itace daga wata nahiya. Ban ƙi ba. Ga mutumin Turai da ke cin ɗanyen wake na Kenya a tsakiyar hunturu, magana ce mai kyau.

Amma na ajiye wayar ina jin wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Inna ba ta cikin lissafin, domin ba ta fitar da hayaƙi. Alhali ita ma mai take ƙonawa. Furar da ta sha kafin ta fita ita ce manta, kuma a shekarun da rumbu ya yi ƙasa na sha ganin ta fita da daro a ka ba ta sha komai ba sai ruwa. A ƙasashe irin namu, Nijar da Cadi da Mali da Burkina Faso, kilomitocin farko na tafiyar abinci, daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwar ƙauye, jikin mutum da na dabba ke biyansu. Ba wanda ya taɓa auna su da lita.

Jaki ma da mansa. Wanda bai taɓa riƙe jaki ba yana zaton kyauta yake aiki. Baba yana da guda biyu da amalanke ɗaya, kuma duk shekara da bazara, lokacin da aikin ɗaukar albasa ya fi yawa, a lokacin ne ciyawa ta ƙare a daji, harawa da dusa suka yi tsada. Sai ka ga mutum yana lissafi: in saya wa jaki dami ɗaya na harawa, ko in ƙara tiyar gero a gida? Jakin da bai ƙoshi ba buhu huɗu ma sai ya tsaya da su cikin rairayi, a yi ta bugunsa a banza. Na ga Baba ya sauko daga amalanke ya sa kafaɗa yana turawa tare da dabbar, zufa na zuba daga gemunsa. A can arewa kuwa har yau ayarin raƙuma kan ratsa Tenere zuwa Faci da Bilma, su kai gero su ɗauko kantun gishiri da dabino, kuma babban abin da madugu ke tanada kafin a shiga wannan rairayi shi ne ciyawar da raƙuman za su ci, domin a can ba ko tsinke.

Gazuwal kuwa, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira gas ko dizal, na san shi ne a hannun Kawu, ƙanin Inna, direban babbar mota. Shekarar da na gama sakandare na roƙe shi ya tafi da ni Gana. Ya ce in dai zan yi aikin karen mota ba zaman yawon buɗe ido ba, to in shirya.

An yi lodi a Galmi, kwana biyu cur. Albasarmu, mai jan ɓawo mai ɗan shuɗi, ta yi suna daga nan har Abijan, kuma a watan Maris da Afrilu garin baki ɗaya warinta yake. Amalanke na shigowa, 'yan dako na ɗauka. Buhun albasa na Galmi ba irin buhun da kuka sani ba ne. Ana cika shi har ya yi tozo, a ɗinke bakin da wani ƙyalle a sama, nauyinsa ya haura kilo ɗari. Mutum biyu su ɗaga, na uku ya sunkuya ya karɓa a gadon baya, ya hau katako yana rawar ƙafa har cikin mota. Buhu kusan ɗari uku aka tsara. Da aka gama motar ta zauna a kan tayoyinta kamar raƙumin da aka durƙusar. Na ce, "Kawu, ba ta yi nauyi ba?" Ya ce, "Yaro, in ban ɗauki haka ba, kuɗin mai da na hanya ma ba za su fito ba."

Daga baya na gane abin da yake nufi, kuma na gane cewa da'ira ce mai cin kanta. Mai na da tsada, don haka ake cika lodi fiye da ƙima. Lodin ya farfasa kwalta. Hanyar da ta farfashe ta sa mota tafiya da giya ta biyu da ta uku, tana shan mai kamar ba gobe, tana cin taya da sifirin. Kuɗin gyara ya ƙaru, sai a ƙara lodi. Motar Kawu kuwa ta gama rayuwarta ta farko a Turai kafin a kawo ta, kamar yawancin manyan motocinmu. A lissafinsa, in hanya da kyau takan sha lita arba'in da wani abu a kilomita ɗari. In hanya ta ɓaci, ya ce lissafi sai Allah.

Muka bi ta Kwanni, Dogon Dutsi, Doso, Yamai, kusan kilomita ɗari biyar kenan ba mu ko fita ƙasarmu ba. Muka tsallaka kogi, muka bi Makalondi muka shiga Burkina ta Kancari, Fada Ngurma, Kufela, muka karya kudu ta Bitu zuwa Bawku a Gana. A lokacin hanyar gabashin Burkina lafiya lau take, ana kwana a gefen titi ba fargaba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tafiyar shi ne yawan man da muka ƙona a tsaye. Batirin motar ya yi sanyi, kuma Kawu ba ya yarda ya kashe inji a shinge, don in ta ƙi tashi da wannan lodi ba mai iya tura ta. To shingaye kuwa ba su ƙirguwa. Duwan, wato kwastan, jandarma, 'yan sanda, masu duba tsirrai, masu karɓar kuɗin gari. A kowanne in yi tsalle in sauka in sa weji a bayan taya, Kawu ya ɗauki jakar takardu ya nufi rumfa, inji na ta kaɗawa, baƙin hayaƙi na fita. Wani wurin minti goma, wani wurin awa biyu. A wani shinge, ba sai na faɗi na wace ƙasa ba, mutumin ya juya takardunmu gaba da baya bai ga aibu ba, sai ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi lodin, ya ce shi ba ya sauri. Ya san abin da muka ɗauko. Mai siminti ko mai ƙarfe yana iya yin zuciya ya kwana uku a wurin. Mai albasa ba ya iyawa. Kawu ya sa hannu a aljihu.

Tsakanin Bolgatanga da Tamale sifirin ɗin baya ya karye. Da rana tsaka ne, muka ji ƙara kamar an harba bindiga, motar ta karkata gefe ɗaya. Kawu ya samu ya lallaɓa ta bakin hanya. Ya hau wata mota ya tafi neman bakanike da ƙarfen da zai dace, ya bar ni da babban yaronsa. Kwana uku muka yi a wurin. Muka kakkaryo ganye muka jera a titi don masu zuwa su gani. Rana ta farko ba komai. Rana ta biyu da hantsi na hau saman lodin in gyara igiya, na cusa hannu tsakanin buhuna biyu, na ji zafi kamar na sa hannu cikin tokar murhu. Albasa abu ne mai rai, tana numfashi, kuma in iska ba ta ratsa ta sai ta yi gumi ta dafa kanta. Muddin mota na tafiya iska na shiga. Da ta tsaya shi kenan. Rana ta uku wani ruwa mai yauƙi ya fara ɗiga ta ƙarƙashin bodi, ƙudaje suka taru, warin ya canza daga na albasa zuwa wani abu da har yau in na tuna sai cikina ya motsa. Babban yaron ya dubi ruwan da ke ɗiga ya ce, "Kuɗin mutane ne ke zuba."

A Kumasi aka sauke, aka zazzage buhunan a ƙasa, mata suka zauna suna tsincewa. Mai kyau gefe ɗaya, mai ɗan tabo gefe ɗaya a sayar da arha, ruɓaɓɓiya a kwashe da baro. Ban ƙirga ba, amma tsibin da aka kai bola ya kai tsayin ƙirjina. Na tsaya ina kallonsa ina tunanin abin da aka zuba a cikinsa. Fetur ɗin injin ban-ruwa na wata huɗu. Bayan Baba da na jakunansa. Bayan 'yan dako. Gazuwal na kilomita dubu da ɗaruruwa, wanda aka saya da kuɗi tsaba, aka ƙona shi don a kai shara daga Galmi zuwa bolar Kumasi. Asarar kuma ba ta tsaya a kan mai kayan ba. Shekara mai zuwa da zai sayi albasa a bakin gona, ya riga ya cire ta daga farashin da zai yi wa manomi, ita kuma matar da ke sayen ƙulli uku a zangon Kumasi ta biya nata kason.

Mun yi mako guda muna jiran kayan dawowa. Kawu ya ce komawa wayam haramun ne a wurin direba, don mota ko ba kaya sai ta sha fiye da rabin abin da take sha da lodi. A ƙarshe muka samu katako. Da daddare a masaukinmu wani tsoho ya riƙa ba mu labarin fataken da, masu zuwa Gwanja da jakuna, su kai kanwa da tufafi su ɗauko goro a Salaga, tafiyar watanni. Goro ma ɗanyen kaya ne, in ji shi, amma sun san yadda za su naɗe shi da ganye su riƙa yayyafa masa ruwa suna tsince mai tsutsa a kowane zango.

Wannan hanyar fita kenan. Ta shigowa ta fi ciwo, don ita ce ke taɓa kowane gida a birni. Shinkafar da muke ci a Yamai yawancinta daga Indiya da Tailan take zuwa. Jirgin ruwa ya ɗauko ta ya ratsa teku da ita dubban kilomitoci, amma da yake yana ɗaukar dubban tan a tashi ɗaya, man da ya faɗa kan buhu guda kaɗan ne ƙwarai. Ba abin hawan da ya kai jirgin ruwa arha a wannan fanni, sai jirgin ƙasa ke bi masa. Tsadar tana farawa ne daga inda ruwa ya ƙare. Daga tashar ruwan Kwatano ta Benin zuwa Yamai kilomita dubu ne da ɗoriya, kuma duk a bayan mota. Layin dogon da Faransawa suka fara daga Kwatano ya tsaya a Paraku, bai taɓa isowa kogi ba. An shimfiɗa wani daga Yamai zuwa Doso, kilomita kusan 140, aka yi bikin buɗe shi a farkon 2016, amma bai taɓa ɗaukar mana buhu ɗaya na shinkafa ko na albasa zuwa kasuwa ba. Duk lokacin da na bi hanyar Doso ina ganin ƙarafan a gefe, rairayi ya rufe wasu, awaki na kiwo a kai, manyan motoci kuma na wucewa kusa da su suna nishi.

A 2023 abubuwa biyu suka faɗo mana a jere. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya ce an cire tallafin fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Mutum zai ce ina ruwan Galmi? Ruwanta ne tsundum. Daga Kwanni zuwa Illela taku kaɗan ne, kuma shekara da shekaru fetur ɗin da ke cikin kwalaben 'yan ruwa-ruwa a bakin titunanmu daga can yake tsallakowa. Shi ke tada injin ban-ruwa, shi ke cikin baburan da ke shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa, shi ke cikin ƙananan motocin da ke kwaso kaya daga kasuwannin ƙauye zuwa bakin kwalta. Manyan motoci ba fetur suke sha ba, nasu ya riga ya yi tsada tun 2022 da yaƙin Yukiren ya tashi. Amma ƙananan hanyoyin da ke ciyar da babbar hanya duk da fetur ɗin nan mai arha suke numfashi. Manoma da yawa a wajenmu suka koma haɗa injinsu da tukunyar gas ta girki, masu ɗan hali suka sayi faifan sola.

Wata biyu bayan haka, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakokinmu da Najeriya da Benin. Ba siyasar abin nake son tattaunawa ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da na gani shi ne ɗaruruwan motoci sun yi layi a Malanbil, garin Benin na bakin iyaka, gadar da ke haɗa ta da Gaya a toshe. ECOWAS ta ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma gadar ba ta buɗe ba. Kaya suka koma bi ta Lome, su haura Wagadugu, su bi Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayari, da rakiyar sojoji saboda 'yan bindiga, bayan an yi makonni ana jiran ayarin ya cika. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuma kowace lita da aka ƙara ƙonawa ta zo ta same mu a bakin tiya. A Gaya kuwa sai aka koma wa abin da aka sani tun kaka da kakanni: a sauke buhu daga mota a wancan gefen, ɗan dako ya ɗauka a ka zuwa bakin ruwa, a sa a kwalekwale, a tsallaka, wani ɗan dakon ya ɗauka ya hau gangare da shi. Duk inda hanyar mai ta yanke a ƙasar nan, wuyan talaka ake miƙa wa kayan.

Abin da ke ƙara mini zafi shi ne muna da man. Matatar Damagaram tana aiki tun 2011, tana iya tace ganga dubu 20 a rana. An kuma ja bututu na kusan kilomita dubu biyu daga Agadem har bakin teku a Benin, ɗanyen mai ya fara fita ta nan a 2024. An iya yi wa ɗanyen mai hanyarsa ta kansa daga tsakiyar hamada zuwa teku cikin 'yan shekaru. Albasa, wadda ta fi man yawan mutanen da take ciyarwa nesa ba kusa ba, har yau tana bin hanyar da na bi da Kawu, ko wadda ta fi ta muni, tunda gabashin Burkina ya zama abin da ya zama.

Akwai kuma wata tafiyar da abinci ke yi wadda ta fi duk sauran ba ni haushi, don ita ba ta da dalili sai talauci. Da kaka manomi na bukatar kuɗi: bashi, biki, magani, tufafin yara. Sai ya sayar da gero a lokacin da ya fi arha. Motoci su shigo kasuwannin ƙauye su kwashe, a kai manyan rumbunan 'yan kasuwa a Maraɗi ko Kwanni, wani ma ya tsallaka har Dawanau a Kano. Watan Yuni da Yuli, rumbun gida ya ƙare, ga aikin noma na neman ƙarfi, sai geron nan ya hau mota ya dawo. Ya sha mai zuwa, ya sha mai dawowa, kuma yanzu damina ce, koramu sun cika, motar ba ta isa ƙauye sai ta tsaya a bakin kwalta. Wanda ya noma shi ya saya da tsada, ya biya kuɗin motar zuwa da ta dawowa a cikin farashin, sannan matarsa ta ɗauko a ka ta ratsa laka da shi. A yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Damagaram, hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Yana nan jibge, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin mutane. Shi ya sa nake ganin bankin cimaka na ƙauye, wato rumbun da jama'ar gari ke tara hatsi a ciki don lokacin ƙaranci, in an samu amintattun masu riƙe shi, ya fi tankar mai goma amfani. Geron da bai bar gari ba ba ya bukatar a dawo da shi. Haka ma rudu, rumbun karan da ake ajiye albasa a ciki ta sha iska: in an gyara shi ya rage ruɓewa, manomi ba zai tura kayansa duka a kan hanya a wata guda ba, lokacin da kowa ke turawa, rana kuma ta fi zafi.

Don haka idan ana maganar rage man jigilar abinci, ina so a bambance. Mu ba yawan ƙonawa ne ciwonmu ba. Ɗan abin da muke ƙonawa ne ke tafiya a tsaye a bakin shinge, da cikin ramukan hanya, da ɗaukar abin da zai ruɓe, da kai gero a dawo da shi. A ƙarshen hanyar kuma, wajen ƙauye, ƙarin ƙarfin inji muke bukata, ba ragi ba. Na fi son in ga lita ɗaya ta ƙone ta kai kayan mata goma kasuwa da in ga an yaba mana cewa ba mu gurɓata iska, alhali wuyan iyayenmu ne ke biya.

Ƙanina, wanda Inna ke goye da shi a waɗancan ranaku, ya sayi babur mai ƙafa uku mai bodi a baya shekara huɗu da suka wuce. Ranar kasuwa mata kan jera darurrukansu a ƙofar gidanmu, kowacce ta ɗaura ƙyalle a nata don ta gane shi, ya kwashe a sawu biyu, dala arba'in, wato sefa ɗari biyu, kowane daro. Su kuma su taho a ƙasa hannu sake, suna hira. Inna kan zauna a bakin zaure tana kallonsu, har ta taɓa ce mini 'yan matan yanzu za su tsufa da wuyansu a miƙe.

A farkon 2025 aka yi ƙarancin fetur a ƙasar, layuka a gidajen mai har a Yamai, kwalaben bakin titi suka bushe. Na je gida a makon. Babur ɗin na jingine a inuwar bedi, an rufe shi da tsohuwar tabarma, kaji na kwance a ƙarƙashinsa. Da asubar ranar kasuwa na fito alwala, na tarar da Inna zaune a kan turmi, 'yar ƙanina mai shekara tara tsaye a gabanta. Inna na naɗa tsohon zane a hannunta, tana murɗawa tana zagayawa, tana nuna mata yadda ake cusa bakin a ciki don kada ya warware a hanya. Ta aza mata a ka, ta danna da tafin hannu, ta ɗan ja shi baya kaɗan.

"Nan ne wurinsa," in ji ta. "In ya zo gaba, wuya ne zai ɗauka. Kira babanki ya aza miki."